Shekarar da Na Goge Shaidar Tagogi

Ku 'ya'yana, akwai wani labari da kuke bayarwa duk Babbar Sallah, bayan an gama suya kowa ya jingina yana sakace. Musa ne ke ɗauko shi, don shi Allah ya ba muryar kwaikwayo. Da ya ce "shekarar da kwamfutar Saratu ta cinye raguna," sai ku fashe da dariya, har da jikokin da ba a haife su ba a lokacin. Ni ma ina dariya, kuna ganina. To, yau na zauna in gyara labarin, tun da sauran ido ɗaya da rabi a kaina. Kwamfuta ba ta ci rago ko ɗaya ba. Wanda ya ci ragunan yana nan a tsakiyarku a kan kujerar roba, da hularsa, kuna tura masa hanta gabansa.

Kun san iyakar karatuna. Shekara huɗu na yi a lekol, wato makarantar boko, na fito da gaisuwar Faransanci da tabon bulala biyu. Rubutun Hausa kuwa a wurin wani mai sayar da littattafai ɗan Zariya na koya, a bakin masallacin Zango, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. In kun ga kuskure ku ɗora masa, ba zai yi gardama ba.

Sana'ar gidanmu kun tashi a cikinta, amma bari in faɗa saboda jikoki masu zaton rago daga firji yake fitowa. Kafin Sallah motoci na sauko mana da raguna daga arewa, mu zuba su a garkenmu na Godomey. Mutumin Kwatano ba shi da filin ɗaure rago, wani ma ɗakinsa da ƙyar yake ɗaukar shi da matarsa. Sai ya zo da wuri ya zaɓi nasa, mu sa wa ragon shaida da fenti a gadon baya, mu ci gaba da ba shi dusa har jajibiri, sannan ya zo ya ɗauka. Takarda kuwa ba ma bayarwa. A Zango ka miƙa wa wanda ya san ubanka takardar shaida, kamar ka ce masa ba ka yarda da shi ba ne. Mahaifina a kansa yake riƙe kowa da ragonsa. Ni ma haka na yi shekaru, har kan ya fara yoyo. Shekara guda kafin abin da zan ba ku labari, na ba wani tela ragon wani liman, sai da aka kai ruwa rana kafin a raba su.

A nan 'yar'uwarku ta shigo. Sunan mahaifiyata aka sa mata, saboda haka tun ranar suna bakina ba ya furta sunan. Uwata nake ce mata, ita kuma ta karɓi muƙamin da hannu biyu. Tun tana 'yar shekara shida take tsayawa a gabana ta riƙe ƙugu.

"Yaron nan ba ya ji. Goro na nawa ke nan yau?"

"Na farko ne, Uwata."

"Buɗe baki in gani."

A gidan nan kaf ba wanda ya isa ya ce mini buɗe baki in buɗe, har uwarku Hajiya, sai ita. Da ta gama karatun kwamfuta ta dawo, aka yi mata tayin aiki a wurare biyu, ta ƙi. Ta ce ba za ta bar ɗanta yana rabon raguna kamar mai rabon sadaka ba. Ta share ɗan biron nan, wato ofishinmu na ƙofar gida, ta kafa kwamfuta, ta ce daga bana kowane rago lamba za a rubuta masa, lambar kuma ta shiga na'ura tare da sunan mai shi da lambar wayarsa. Ta so a haɗa da 'yar takarda a ba kowa. Na ce faufau, ba a gidan nan ba. Ku riƙe wannan, don shi ne laifina na farko, kuma shi ne ƙarami.

Ni da na ji kwamfuta, na zata zan ga hotuna da launuka irin na waya. Da na leƙa sai na ga tagogi uku baƙaƙe ƙirin, da ƙananan rubutu fari kamar an watsa shinkafa a kan kwalta. Dukkansu iri ɗaya, ba ka bambance wannan da waccan.

"Uwata, wannan karatun muka biya wa kuɗi? Ko labule babu?"

"Zauna, yaro, a koya maka."

Ta nuna mini can sama, a goshin kowace taga, akwai suna. Ɗaya GASKE, a nan ainihin jerin raguna da masu su yake. Ɗaya GWAJI, a nan take gwada duk wani sabon abu da sunayen ƙarya, don in ya ɓaci ya ɓaci a can. Ɗaya SAƘO, ita ce za ta aika wa kowa lambar ragonsa ta waya idan jajibiri ya matso. Sannan ta ce ta rubuta wani ɗan umarni da ke tashi da kansa kullum ƙarfe bakwai na safe, ko ba kowa a biro. Yana jera tagogin, GASKE a dama, GWAJI a hagu, SAƘO a ƙasa, sai ya je GWAJI ya share duk shirmen jiya don a fara da tsabta.

"To yaya yake gane su, tunda duk baƙaƙe ne?"

"Ba ya gani, Baba. Suna yake tambaya. Kamar ragunanka ne. Farare ɗari a garke, in ba shaida a baya, wa zai ce wannan na wane ne?"

"Ashe makaho kika ɗauka mana aiki."

Tun daga ranar sunansa ya zama Makaho. Kullum da safe sai in shigo da kofin shayi in tsaya in ga tagogin suna tsalle da kansu kowace tana komawa wurinta, in ce, "Makaho ya iso." Abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Har na matsa mata ta nuna mini yadda ake rubuta sunan a goshin taga. Ta nuna mini, tana dariya, don ta san yatsuna biyu kawai nake bugawa da su. Ta ce, "Ka gani, amma kada ka taɓa." Na ce ni da taɓawa, Allah ya kiyaye.

Sallah ta rage kwana huɗu, Alhaji Bawa ya sauka. Shi ne babban mai turo mana raguna daga arewa, tun zamanin mahaifina ake hulɗa da gidansu, kuma ya yi shekaru bai tako Kwatano ba. Mutum ne mai ido, yana shiga wuri sai ya karanta duk abin da aka rubuta a bango, da ƙarfi, kamar ɗan makaranta. Ranar Uwata tana Godomey tun hantsi, ana sauke mota biyu tana sa lamba. Ni kuma bayan azahar na shiga biro in kintsa kafin in kawo baƙo ya ga ci gaba. Na tsaya ina kallon tagogin nan da idon Alhaji Bawa. GASKE. GWAJI. Na ce a raina, mutumin nan zai karanta wannan, ya ce ashe gidan nan jeri biyu suke ajiyewa, na nuna wa baƙo da na ɓoyewa. Kuma gida mai kakanni uku a kasuwa, a rubuta masa GWAJI kamar shagon ɗan koyo?

Akwai kuma wata al'ada ta mahaifina da kuka sani. Komai na gidan nan sunan gidan ne a jikinsa. Mota, bokiti, buta, har tabarmar da muke kaiwa Idi. Ya ce abin da ba sunanka a kai, na mai tsinta ne. Sai ga shi abu mafi tsada a gidan yana ɗauke da wasu sunaye da ba su da dangi da mu. Na ja kujera, na ɓare goro, na sa yatsun nan biyu. Na goge GASKE, na goge GWAJI, na goge SAƘO, na rubuta sunan gidanmu a kan kowace, da manyan baƙaƙe, har da "da 'Ya'yansa". Ya ɗauke ni kusan rabin awa. Da na gama na ja baya na duba, na ji kamar na yi wa gida sabon fenti.

Ni, da na yi shekara arba'in ina zagin yaran garke idan ruwan sama ya wanke shaida ba su sabunta ba. Ni, da aka yi wa bayani da harshen raguna don kada in ce ban gane ba. Na ce zan mayar da sunayen bayan baƙo ya tafi. Na yi niyya, Allah ya sani.

Alhaji Bawa ya zo, ya karanta sunan gidan sau uku, ya gyaɗa kai. Na danna tagar dama na nuna masa jerin, kowane rago da mai shi.

"Alhaji, kai ma ka iya wannan abin?"

"Kaɗan-kaɗan. Yarinyar tana taimaka mini."

Daga nan muka wuce cin abinci, hira ta yi daɗi, aka shiga labarin mutanen da suka mutu da farashin dusa. Na kulle biro, na manta. Uwata ta dawo bayan magariba a gajiye, tana warin raguna, ta ci tuwo ta kwanta ba ta leƙa ba, don a wayarta ta tura lambobin ranar tun daga garke.

Ƙarfe bakwai Makaho ya iso. Daga baya na fahimci abin da ya faru, a bakinta, lokacin da take yi wa Musa bayani ina laɓe da carbi. Ya nemi GWAJI, bai samu mai wannan suna ba. Da bai samu ba, bai tsaya ba, sai ya juye saƙonsa na "share komai" a kan tagar da aka bari a gaba. Tagar da aka bari a gaba kuwa ita ce wadda na nuna wa baƙo. Uwata tana kwafe jerin a wani ɗan makullin ajiya da ake soka wa kwamfuta duk Juma'a, to amma ranar Laraba ce, kuma a kwana biyar ɗin nan ne rabin Zango da Agla da Tokpa-Hoho suka zo suka zaɓi raguna. Lambobi na nan a bayan raguna, ja wur. Sunayen masu su ne suka tafi.

Na shigo da kofin shayina na tarar da ita a tsaye, ba ta ko zauna ba. Ba ta juyo ba.

"Baba, wa ya taɓa sunayen tagogin?"

Ku lura, Baba ta ce, ba yaro ba. A nan ne ƙofa take a buɗe. Mu biyu ne kawai, ba wanda zai ji. Da na ce ni ne, da ta riƙe ƙugu ta wanke ni tas, mu zauna mu fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, a ce kan tsoho ne ya sake yoyo, kowa ya yi dariya kamar bara. Amma Alhaji Bawa yana ɗakin baƙi yana karyawa, kuma jiya-jiyan nan na ce masa na iya.

"Waɗanne sunaye? Ni ina na san wannan?"

Ta dube ni. Sannan ta dubi madannan da ake bugawa. Ni ma na duba. Akwai ɓarɓashin goro a tsakaninsu, ja, har da wani ɗan guntu da ya maƙale. A gidan nan mutum ɗaya ne ke cin goro. Ta sa gefen mayafinta ta share, a hankali, sai da ta share tas. Ta ce, "To."

Jajibiri ya zo. Saƙon da ya kamata kowa ya samu bai je ba, takarda kuwa na hana. Kwana biyu Uwata ta yi tana bin abin da za ta iya tunawa, tana kiran waɗanda ta san lambarsu, ta ceto kusan rabi. Sauran suka taru a Godomey, 'yan zemijan, masu haya da babur, sun jeru a bakin titi suna jiran ɗaukar raguna. A ranar na gano wani abin mamaki game da mutanenmu: ashe a shekarar ba wanda ya sayi ƙaramin rago. Kowa babba ya zaɓa, mai ƙaho, wancan na kusa da rijiya. Mutum huɗu suka riƙe rago ɗaya, kowa yana rantsuwa da kabarin ubansa. Wata tsohuwa daga Agla, wadda ita kaɗai ta yarda nata ɗan ƙarami ne mai tsagaggen kunne, ta zagaya garken sau uku ba ta gan shi ba, wani ya riga ya tafi da shi. Ta zauna a kan buhun dusa. Uwata tana tsakiya da takardu a hannu, muryarta ta dushe, tana ba wannan haƙuri tana ba wancan.

Sai Alhaji Bawa ya matso kusa da ni, ya yi magana da muryarsa ta karatun bango, kowa na ji.

"Alhaji, ran Talata fa na ga komai a jere. Me ya faru?"

Kowa ya juyo yana jirana. Na ji hulata ta yi nauyi. Na ɗaga murya.

"Saratu. Zo nan ki gaya wa mutane abin da na'urarki ta yi. Shekara arba'in muna wannan sana'a da kanmu, kin zo kin ce kin fi kowa sani."

Sunan mahaifiyata ke nan, a bakina, a gaban 'yan zemijan da raguna. Uwarku tana gida, amma kafin in koma labari ya riga ni. Ita kuwa yarinyar ta tako ta tsaya a gaban jama'a. Na zata za ta faɗa. Wani ɓangare na zuciyata ma so yake ta faɗa, a huta. Ta ce, "Ku yi haƙuri, iyayena. Akwai abin da ya kamata in sa wa na'urar ban sa ba. Laifina ne." Kuma ba ƙarya ta yi ba, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Ya kamata ta sa wa Makaho ya tsaya cak in bai ji sunan da yake nema ba, ba ta sa ba. Ta ɗauki ɗan laifinta ta shimfiɗa shi har ya rufe nawa, kamar yadda ake rufa wa tsoho zane in ya yi barci a zaure.

Aka raba ragunan yadda aka iya. Na ba tsohuwar Agla wanda na ware wa gidanmu, mutane suka ce Alhaji mutumin kirki ne, 'yarsa ta ɓata ya gyara. Na karɓi yabon, na sa a aljihu.

Ranar Sallah da yamma Hajiya ta kawo mini nama, ta ajiye, ba ta tafi ba.

"Alhaji, ni ban yi lekol ba. Amma na ga hasken biro ran Talata da rana, kuma yarinyar tana Godomey."

"Kintsawa na yi."

"Ka kintsa kuwa." Ta ɗauki tiren. "Uwarka ce fa. Ka je ka same ta tun naman nan bai huce ba."

Ban je ba. Na ce bari baƙo ya tafi. Baƙo ya tafi, na ce bari ƙura ta lafa. Kafin ta lafa Musa ya fara kwaikwayon mutum huɗu a kan rago ɗaya, gida ya ɗauka, labari ya yi daɗi, ya zama na kowa. Wa zai ɓata labari mai daɗi? Ita kuwa ta mayar da sunayen tagogin, ta gyara Makaho ya zama in bai ji suna ba sai ya tsaya ya yi ƙara, ta buga 'yan takardu na baɗi ta ajiye a durowa ba ta tambaye ni ba. Bayan wata biyu ta zo ta durƙusa ta ce ɗaya daga cikin wuraren da suka neme ta har yanzu suna so, a Dakar. Ta ce in na yarda. Na ce Allah ya sa alheri, don ban san da wane baki zan ce zauna ba. Na raka ta har bakin mota. Ina tauna goro a gabanta, da gangan, ina jira. Ta dubi bakina, ta ce, "Sai wata rana, Baba. A kula da lafiya."

Shekara takwas ke nan. Ba ta yanke mu ba, kada wani ya ce haka. Tana kira duk Juma'a, tana aiko da magani, ta zo bikin Musa, ta zo jana'izar uwarku ta yi kwana arba'in cur. Ladabinta ba shi da tabo. "Ina kwana, Baba. Ya jiki, Baba." Irin gaisuwar da ake yi wa limamin wata unguwa. Sau uku na ɗauki waya da niyyar faɗa, sau uku na ƙare da tambayar ko ana ruwa a Dakar. Yanzu na fi kowa a Zango sanin yanayin garin nan da ban taɓa zuwa ba.

Bara na ce to bari in fara da waɗanda suka ji abin da na faɗa a garke. Alhaji Bawa ya rasu. Tsohuwar Agla ta rasu. Na sami ɗaya daga cikin mutum huɗun nan a Tokpa-Hoho, na zaunar da shi, na ce masa shekarar nan fa ni ne na yi ɓarnar, ba 'yata ba. Ya dube ni da kyau, ya ce, "Wace shekara, Alhaji?" Na hau zemijan na dawo. Na jira har masu shaida suka ƙare. Waɗanda suka rage suna tuna abin ku ne, da kuke dariya, sai ita, da ba ta yi.

Saboda haka ga abin da nake so. Sallar nan mai zuwa, bayan suya, lokacin da Musa ya saba gyara murya, a kira Dakar a ajiye wayar a tsakiyar tabarma. Musa, kai za ka karanta wannan daga farko har ƙarshe, kuma na yarda ka kwaikwayi muryata, har da inda na ce "waɗanne sunaye". Ka yi shi da kyau, na cancanta. Kada wanda ya ce a bari saboda Baba ya tsufa. Ba tsufa ne ya goge sunayen ba, son a ce na iya ne, kuma wannan tun ina saurayi nake da shi.

Uwata, ni ne na goge. Kin sani tun kafin shayina ya huce a safiyar nan, na kuma san kin sani, na ga mayafinki. Ni ne kuma na kira sunan da bai kamata in kira ba, a inda bai kamata ba. Ba na ce ki bar aikinki ki dawo ki ƙirga raguna ba. Abu ɗaya nake roƙo, in kin ga dama. Shekara takwas ba wanda ya ce mini buɗe baki. Ina cin goro biyar a rana, wani lokaci shida, haƙoran sun kusa ƙarewa, kuma yaron nan har yanzu ba ya ji.